Ku Tambayi Mai Gyaran Sauti: Harpu Mai Lantarki da Kiɗan da Ba a Yi Don Rawa Ba

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ware wa fitowar nan, duk a kan abu ɗaya suke zagayawa. Ta farko ita za ta ci yawancin filin, sauran su yi haƙuri.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Idan na sauka daga aikin dare barci ba ya zuwa mini da wuri, sai wata abokiyar aikina ta tura mini wasu kaɗe-kaɗe a waya. Babu waƙa, babu kalangu, tsirkiya ce kawai ke tafiya a hankali. A ɗaya daga cikin bidiyon wani Bature mai tulin gashi ne ya rungume wani abu da ya fi shi tsawo, an jona masa wayoyi. Ƙanena ya ce wannan kiɗan marasa aikin yi ne. Mene ne abin, kuma don me yake kama zuciya haka alhali ba a cewa komai?

Amsa: 'Yata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Abin da kika gani sunansa harpu, kuma ya girme duk kayan kiɗan da ƙanenki ke ji da su. An tono irinsa a kaburburan birnin Ur, a ƙasar Iraƙi ta yau, masu shekara wajen 4,500, zanensa kuma na nan a bangon kaburburan Masar ta dā. Babban da ake gani a ɗakunan kiɗa na Turai tsirkiya 47 gare shi, tsayinsa kusan mita 1 da santimita 80, nauyinsa kilo 35 zuwa 40. Makaɗi kan zauna ya jingina shi a kafaɗar dama, hannu ɗaya ta kowane gefe, yana jan tsirkiya yana saki da yatsu huɗu-huɗu. Ƙaramin yatsa ba ya cikin aikin, gajarta ta fitar da shi. Don kada ido ya ruɗe, a cikin muryoyin kiɗa da ake kira do, re, mi, fa, kowace tsirkiyar do ja ce, kowace ta fa kuma baƙa ko shuɗiya. A ƙasa akwai feda 7 da ake takawa, kowace da matsayi uku, su ke ɗaga murya ko su sauke ta. Wani maƙerin kayan kiɗa Bafaranshe, Sébastien Érard, shi ya kammala wannan dabara ta feda a 1810, har yau a kanta ake tafiya.

Duk girman nan nasa, muryarsa ba ta da ƙarfi. A ajiye shi kusa da mai ganga, an daina jin sa. A kafa masa makirfo kuma wata sabuwa ta taso, don jikinsa akwati ne mai rami, yana kama abin da ke fitowa daga lasifika ya mayar wa makirfo, sai ƙugin nan mai huda kunne da duk wanda ya taɓa zama wurin biki ko wurin wa'azi ya sani. Na daɗe ina kokawa da wannan ƙugi a gidan rediyo da filayen biki, shi ya sa nake tausayin duk wanda aka ce ya ɗaga muryar harpu a gaban jama'a.

Jitar lantarki, irin wadda Bombino ke kaɗawa, maganaɗisu ke ƙarƙashin tsirkiyarta, don tsirkiyar ƙarfe ce. Yawancin na harpu kuwa na nailan ne ko na hanjin dabba, maganaɗisu bai san da zamansu ba. Sai aka koma ga wani ɗan abu da ake kira fiyezo, wanda da zarar an matsa shi ko ya girgiza sai ya fitar da 'yar wutar lantarki. Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano wannan hali nasa a 1880, kuma shi ne ke ba da tartsatsi a laitar gas da kike dannawa ta ce ƙyas. A harpu mai lantarki na ƙwarai, kowace tsirkiya da nata fiyezo a gindinta. Wasu ma an cire musu akwatin gaba ɗaya, itace ne cukus, in ba a jona ba da ƙyar na kusa ke ji.

To ga inda amsar tambayarki take. Mutane kan ɗauka abin da lantarki ya ƙara wa harpu ƙara ce. A kunnena, babban abin da ya ƙara masa kusanci ne. Wanda ke zaune a kujera ta talatin a ɗakin kiɗa yana jin harpu bayan sautin ya ratsa iska ya gaji. Ke kuwa da abin kunne a kunnenki, abin da ke zuwa miki daga gindin tsirkiyar yake tasowa: kina jin tsokar yatsa ta taɓa ta, kina jin sakin, kina jin tafin hannu ya dawo ya kwantar da ita. Ko makaɗin da kansa bai fi ki kusa ba. Ƙarfe biyu na dare, gari ya yi tsit, kin fito daga cikin kukan yara da ƙarar gadaje, ga wani abu na yi miki magana ƙasa-ƙasa ba ya neman ki amsa. Ina mamakin ya kama ki?

Sai kuma yadda sautin ke mutuwa. Goge da algaita suna riƙe murya muddin hannu na ja ko numfashi na fita, suna iya ƙara mata ƙarfi a tsakiya, su matsa wa mai sauraro. Tsirkiyar da aka ja aka saki ba ta da wannan iko. Ƙarfinta duk a farko yake, daga nan sai raguwa. A harpu kuma, in ba a sa hannu an tsayar da ita ba, tana ci gaba da rawa, maƙwabtanta na taya ta, har sabuwa ta shigo tsohuwa ba ta gama fita ba. Masu haɗa sauti suka zo suka ƙara wa wannan wutsiya tsawo da abin da mu nan muke kira eko. Iri biyu ne, ko da yake masu kiɗan biki sun haɗe su a suna ɗaya. Akwai mai sa ki ji kamar a cikin wani makeken ɗaki ake kiɗan, akwai kuma mai maimaita sautin bayan ɗan lokaci, ya sake maimaitawa a raunane. In makaɗi ya daidaita tazarar maimaicin da tafiyar kiɗansa, yatsa ɗaya sai ya zama kamar uku. Akwai ma 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa ta naɗi abin da aka kaɗa yanzu ta yi ta juya shi, makaɗi ya hau kai da wani sabo. Mutum ɗaya ke nan ya zama ƙungiya.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu mu Hausawa. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan murya biyar yake tafiya, na Turai kuwa bakwai. Amma da fedojin nan makaɗi na iya sa tsirkiya biyu maƙwabta su ba da murya ɗaya, bakwai ta koma biyar. Daga nan ko ya shafa yatsa tun daga ƙasa har sama, babu muryar da za ta yi karo da 'yar'uwarta. Masu kiɗan natsuwa suna son wannan tsari ƙwarai, kunnen da ya tashi da gurmi da molo kuma ba baƙo ba ne a wurin.

Baturen mai gashi, bisa yadda kika siffanta shi, ina kyautata zaton Andreas Vollenweider ne, mutumin Zurik a ƙasar Suwizalan, haihuwar 1953. Mahaifinsa makaɗin coci ne. Shi da kansa ya yi wa harpunsa kwaskwarima, ya jona masa lantarki, ya kuma ƙera masa abin kashe sauti don ya iya yanke tsirkiya nan take. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, don sai ana iya tsayar da sauti ake samun taki. Da shi ya mayar da manyan tsirkiyoyin ƙasa suka riƙa aikin jitar bas, hannun hagu na riƙe da tafiya, na dama na yawo a sama, ga masu ganga a bayansa. A farkon shekarun 1980 faifansa suka bazu a Turai da Amurka. Masu sayar da faifai suka rasa kantar da za su ajiye shi, ba jaz ba, ba kiɗan gargajiyar Turai ba, sai suka cusa shi ƙarƙashin sunan New Age tare da masu fiyano irin su George Winston na kamfanin Windham Hill da Kitaro na Japan. Da aka buɗe wa wannan rukuni gurbi a kyautar Grammy a 1987, shi ya fara ɗauka, da faifansa Down to the Moon.

Ba shi kaɗai ba ne. Alan Stivell na yankin Bretagne da ke ƙasar Faransa ya farfaɗo da ƙaramin harpun mutanensa, ya hau da shi dandalin Olympia a Paris a 1972, ya kuma daɗe yana neman a ƙera masa mai lantarki. Deborah Henson-Conant ta Amurka kuwa ɗaura nata take yi a ƙugu tana yawo da shi a dandali, mai tsirkiya 32, nauyinsa wajen kilo 5, ƙirar kamfanin Camac na kusa da birnin Nant. Ita ba ruwanta da kwantar da hankalin kowa, har murɗe sautin take yi ya yi gurnani irin na jita.

Yanzu bari in ba ƙanenki nasa haƙƙin, don ba duka ya yi ƙarya ba. Kaso mai yawa na abin da ke YouTube da sunan kiɗan harpu na barci, awa uku awa takwas, babu harpu a ciki. Fiyano ne da kwamfuta, an ɗauki 'yan daƙiƙu an yi ta liƙawa, an zuba eko har ya malale. Shayi na uku ke nan a fada, sukari ya yi yawa ganye ya ƙare. Gane shi ba wuya. Ki saurari tsirkiya ɗaya idan ta dawo sau biyu a jere: ta hannun mutum ba ta fita iri ɗaya, wata ta fi ƙarfi, wata ta ɗan makara. Ki nemi ɗan zizar nan da kan fito idan yatsa ya koma kan tsirkiyar da ba ta gama rawa ba, makaɗa na ƙin sa amma shi ne shaidar akwai mutum. A manyan harpu har motsin feda akan ji. In kin yi minti biyar ba ki ji ko ɗaya ba, inji ke yi miki kiɗa. Yana iya sa ki barci, ban hana ba, fanka ma na sa barci.

Shawara ɗaya ta mai gyara: kada ki kwana da abin kunne a cushe da ƙara sama. Ki rage sosai, ki sa wayar ta kashe kanta bayan rabin awa.

Tambaya: Baba, ni ina da ɗan situdiyo a Sabon Gari, waƙoƙin biki da na talla nake haɗawa da fiyano. Kawuna makaɗin gurmi ne, yanzu ba a cika gayyatarsa ba. Na ji irin wannan kiɗa na harpu sai na ce ko za a iya yi da gurmi. Zai yiwu, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Ɗana, zai yiwu, kuma kuɗin gwajin bai kai na katin waya na mako ba. Ka je wurin masu gyaran rediyo ka nemi faifan fiyezo, ɗan zagayayyen farin ƙarfe ne ko ruwan tagulla mai faɗin kwabo, da farin tabo a tsakiya. Ana samun sa a cikin matattun agogon ƙararrawa da kayan wasan yara. Waya ɗaya a kan farin tabon, ɗaya a bakin tagullar. Wurin liƙa wayoyin da dalma ka yi sauri, taɓawa ɗaya, don in ƙarfen mai zafi ya daɗe a kan farin sai ya ɓare, faifan ya tashi aiki. Ka yi amfani da waya mai rigar kariya irin ta jita, gajera, in ba haka ba ƙugin wuta zai cika maka naɗin.

Kada ka sa gam mai kamawa har abada a fatar gurmin kawunka, zai tsine maka. Ɗan kakin zuma ya isa. Ka murza shi a yatsa ya yi laushi, ka liƙa faifan a gefen jaki, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa a kan fatar, kawu na kaɗawa kana matsar da shi kaɗan-kaɗan kana saurare. Dab da jaki sautin kan yi kaifi har ya yi tsini, can bakin ƙwarya kuma ya yi kauri ya dushe. Tsakanin nan akwai wurin da za ka ji gurmin ya buɗe, nan za ka bar shi. Sai dai fiyezo ba ya shiri da kowace kafa ta na'urar haɗa sauti. In ka cusa shi kai tsaye inda ake sa fiyano, zai fito siriri ba ƙasa. Ka sa shi a kafar da aka yi don jita, ko ka ratsa da shi ta wata fedar jita tukuna. Ka kuma kafa makirfo a gabansa ka haɗa su biyu, fiyezo ya ba ka kusanci, makirfo ya ba ka iskar ɗakin.

Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka tilasta wa gurmi ya zama harpu. Tsirkiyarsa 'yan kaɗan ne, fata kuma na shanye sauti da wuri, don haka wutsiyarsa gajera ce, daɗinsa a takinsa yake. In ka nutsar da shi a eko ka kashe abin da kawunka ya yi shekaru yana koya. Maimaici kaɗan, wanda ya dace da tafiyar hannunsa, ya fi. Ka ce masa ya sassauta, ya bar fili tsakanin jimla da jimla, ya yi kiɗan da yake yi wa kansa da dare bayan baƙi sun watse. Kowane makaɗi na da irin wannan, ba a dai tambayarsu ne.

Ka kuma sani ƙasar nan tana da harpunta. Biram na Buduma masunta na tafkin Cadi, mai tsirkiya 5, jikinsa siffar kwalekwale, ɗan gidan su harpun Masar ta dā ne. Ya kusa ɓacewa, sai marigayi Malam Mamman Barka, wanda da gurmi aka fara saninsa, ya tafi a 2002 ya zauna wurin tsohon gwani Bukar Tar ya koya, ya kuma kai biram har dandalin Turai kafin rasuwarsa a 2018. Kora ta Mandinka mai tsirkiya 21 ita ma dangi ce, kuma Seckou Keita na Senegal da Catrin Finch makaɗiyar harpu daga Wales sun fitar da faifai tare a 2013. Ka neme shi ka saurara da kunnen mai haɗa sauti, ka ga yadda aka bar wa kowanne muryarsa. In ka yi naɗin farko, ka biya kawu kuɗin zamansa kamar yadda za ka biya mawaƙi, sannan ka kawo mini in ji.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina fama da hawan jini. Yarona ya nuna mini kiɗan harpu da aka rubuta 432 a kai, wai yana warkar da hawan jini da ciwon zuciya. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Lambar nan ba asiri ba ce. Makaɗan duniya sun daidaita a kan muryar la ta riƙa girgiza sau 440 a daƙiƙa, don kayan kiɗan da aka ƙera a ƙasashe daban-daban su yi jituwa. Mai 432 ya sassauta tsirkiyarsa ne kaɗan, girgiza 8 a daƙiƙa, ratar da yawancin mutane ba za su lura da ita ba sai an jera musu biyun. Mai gurmi na yin fiye da haka tsakanin safiya da rana ba tare da ya sani ba, saboda zafi kawai. Rubuta lambar a kan bidiyo dabarar jawo masu kallo ce.

Abin da ke gaskiya shi ne kiɗa mai tafiya a hankali kan sa mutum ya zauna wuri ɗaya, numfashinsa ya daidaita, fargaba ta ragu na ɗan lokaci. Shi ya sa a wasu asibitocin Amurka ake barin masu harpu su yi kiɗa a gefen gadon marasa lafiya, a matsayin sanyaya rai, likita kuma na nan da maganinsa. Kada ka ajiye ƙwayarka ko kwana ɗaya saboda wani bidiyo, ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka riƙa zuwa awo. Batun hukuncin sauraren kiɗa da ka ƙara a ƙasan wasiƙarka kuwa, wannan na malamai ne, ga su nan cike da gari, ni wayoyi na sani.

Tambaya: Baba, ɗaliba ce ni a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ina son in koya. Nawa ake sayar da shi?

Amsa: 'Yata, ki zauna tukuna. Sabo daga manyan maƙera, Camac a Faransa, Salvi a Italiya, Lyon & Healy a Shikago, dubban Yuro ne. Yuro 1 kusan sefa 656, ke nan ko an ce miki Yuro 3,000 kin doshi miliyan 2, ba a yi maganar jirgi da kwastan da amfili ba. Bayan saye kuma akwai riƙo. Kowace tsirkiya da kaurinta, ba a musanya wata da wata, ni kuwa ban taɓa cin karo da mai sayar da su ba a nan ko a Katsina. Kafin kowane zama sai kin ɗaure su ɗaya bayan ɗaya da makulli, hunturunmu kuma na busar da itace har ya tsage.

In yatsu da kunne kike son horarwa, ki fara da kora, ta fi sauƙin samu a yankinmu, tsirkiyarta kuma igiyar kamun kifi ce ta nailan. In hanya ta kai ki Yamai, ki leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya ki tambayi masu koyar da kayan tsirkiya.

Mai tambaya a kan janaretan da ke ƙona masa amfili, da mai son sanin girman batirin da zai ɗauki lasifikar masallaci, amsarku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.